Yaya Kyari da Eriyar Yebi

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Kyari, amma har yanzu in na ji ƙarar oba-oba, radiyon hannun nan, a kasuwar Diffa sai gabana ya faɗi.

Aikinmu ɗaya, a wata ƙungiyar agaji. Shi ne mai gyaran radiyo, ni kuma ina ɗakin radiyo, ina karɓar kiran direbobi daga hanya. Shi ya koya mini aikin, kuma da faɗa ya koya mini. Ranar farko na manna oba-oba a bakina, ya fizge ta. "Falmata, ba sumbatarta za ki yi ba. Ki bar tazarar yatsu uku, eriya tana kallon sama, kada ki riƙe ta da hannu." In eriya ta tsage, ba ya yarda a ɗaure ta da roba, sai a canza.

Direbobi suna ta raɗe-raɗin cewa radiyo tana hana haihuwa. Bai tsorata su ba, bai kuma yi musu dariya ba. Ya ce ƙaramar ta hannu ba abin damuwa ba ce in an bi ƙa'ida, amma doguwar eriyar mota tana ƙona fata in an taɓa ta ana magana. Ya nuna musu tabon da ke tafin hannunsa.

Abin da ya kai shi Yebi ke nan. An ba shi labari cewa matan da suka gudo can daga hayin kogin Komadugu suna jingina da eriyar wurin rabon abinci suna jiran layi, wasu ma suna shanya zannuwa a kan wayarta. Na ce ya jira ayari na mako mai zuwa. Ya ce, "Mutanen da suka tsira daga wuta, mu kuma mu ƙone su da namu ƙarfe?" Ya je ya ɗaga eriyar, ya kewaye ta da shinge, ya yi wa matan bayani da Barbarci.

Da hantsi ya kira ni ya ce zai dawo. Na duba takardar rahoton tsaro da aka ba ni da safe, na ce masa hanya lafiya. Ni na faɗa, da bakina. Bayan azahar na yi ta kiran lambarsa, babu amsa. Motarsu ta taka nakiya kafin su kai Geskeru.

Mutane sun ce ba laifina ba ne, takarda na karanta. Na sani. Sanin bai rage komai ba.

Da zai dawo yau, zai ji daɗin ganin barkono ya sake yin ja a wasu gonakin bakin kogi. Amma zai yi faɗa in ya ga masu gadi suna lilo da oba-oba ta eriya kamar maɓallin mota. Ni nake yin faɗan yanzu, da kalmominsa, kuma sababbin da nake koya wa aiki ba su san na wane ne ba.

'Yarsa Yagana tana cikin ciki lokacin da ya tafi. Kwanan baya ta tambaye ni, "Gwaggo, yaya muryar Baba take?" Shekara huɗu na yi ina jin muryar nan kullum a kunnena, amma radiyonmu ba ta ajiye magana. Na buɗe baki in kwaikwaya mata, na kasa.

Allah ya jiƙanka, Yaya.