Amanar Yaya Idi

Ranar wata Lahadi a daminar 1997, Inna ta aike ni kasuwar Tawa sayo kanwa, na dawo na tarar da tsakar gidanmu cike da yara kamar ana suna. Wani ɗan garin Barmu ne ya iso daga Abijan, inda yayana Idi ya shekara uku yana tallar agogo. Ya kawo saƙon Idi: turmin atamfa, da kasat, da wata baƙar na'urar wasa da ake jonawa da tele. A lokacin mutanenmu ba su faye rubuta wasiƙa ba, murya suke ɗauka a kasat su aiko. Da aka kunna kasat ɗin, bayan Yaya ya gaida kowa, har da akuyar Inna, sai ya zo kaina: "Sani, abin wasan ga nau na, amana na ba ka. Yi wasanka, amma kak ka bari kowa shi taɓa cikinai sai na zo."

Shekarar kuwa lakwal, wato makarantar boko, ta fi zama a rufe saboda yajin aiki. Da na kora awaki wurin makiyayi, na cika randunan Inna, sai mu ɗunguma gidan Kawu, ƙanenta, malamin makaranta, don shi kaɗai ke da tele a layinmu. Muka watsar da langa da ƙwallon tsumma. Sai dai wasa ɗaya tak na'urar ta zo da shi, kafin wata guda ya fita ranmu. Ga wasanni birjik a kasuwa ana shigo da su ta garin Kwanni na kan iyaka, amma maƙeranta sun yi mata baki yadda ba za ta karɓi na kowa ba sai nasu. Bube mai gyaran rediyo ya juya ta ya ce aiki kaɗan ne: a buɗe, a goge bakin da magagari, a yanke wata 'yar ƙafar ƙarfe a ciki.

Magana ta kai majalisar ƙofar gida, kuma tun da aka fara zaɓe kowa a unguwarmu ya zama lauya. Kawu ya karanta takardar da ke manne a gindin na'urar, ya ce an rubuta da Faransanci kada a buɗe, maƙeran suna da sauran iko a kanta. Tsofaffi suka yi masa dariya, suka ce ba su taɓa ganin wanda ya sayar da jaki ya biyo shi gida yana faɗin irin dawar da zai ci ba. Inna ce kaɗai ta ce a tambayi Idi. Amma kasat sai ta yi wata biyu kafin ta je ta dawo, ni kuwa ido ya rufe. Na ce wa Bube Yaya ya yarda. Ya buɗe, ta kuwa yi aiki, na zama sarkin yaran layi.

Da Inna za ta mayar wa Yaya da amsa a kasat, aka miƙo mini rediyo. Na gyara murya na ce amanarsa na nan yadda ya aiko ta, ko ƙusa ɗaya ba a taɓa ba. Ba a gama yankan gero ba labari ya zo cewa zazzaɓi ya yi ajalinsa. Abokinsa da ya kawo kayansa ya ce a kwance ya saurari kasat ɗin, da ya ji muryata ya sa aka maimaita, yana murmushi yana cewa, "Na san Sani ba shi ba ni kunya." Na fita bayan gida na yi kuka har na shaƙe, mutane suna yaba irin son da nake masa.

Yanzu ɗana yakan nuna mini musun da ake yi a waya, ko na'ura ta mai saye ce ko ta maƙera. Nakan ce masa ta mai saye ce, kuma har zuciyata haka nake gani. Ban taɓa gaya masa ba cewa tamu ma tana da mai saye, Yaya Idi, kuma ƙarya ce maganar ƙarshe da ya ji daga bakina.