Farantin Inna a Kasuwar Boɗinga

Jama'a, yau na ci karo da hannun Innata a kasuwar Boɗinga, shekaru bayan rasuwarta.

Albasa na je saye. Sai na hangi farantin tangaran mai furanni a gaban wata tsohuwar dillaliya. Na ce, "Iya, wanga na wane zamani ne?"

Ta ce, "Ya girme ki, ɗiyata. Mai huren kabewa ke nan. Da irinai anka yi muna jere."

Na kifa shi. Ɗigon jan farce uku a gindi! Alamar da Inna ke yi wa kwanukanta ke nan, kada su ɓata a gidan biki.

Na saye shi, na taho da shi gida. Duk wanda zai gane alamar nan ya riga mu gidan gaskiya. Na zuba tuwo a ciki, na ci ni kaɗai.