Ranar Da Bol Ɗin Taya Ya Karye A Hanyar Gashuwa

Ƙarar guduma a kan ƙarfe ba abin da zai sa mace mai jikoki hawaye ba ne, amma ni ta sa ni. Makon jiya ne, a garejin wani bakanike nan Gashuwa. Na kai motata saboda aika-aikar da wani mai faci ya yi mini: ya zura dogon bututu a ƙotar sifana, ƙarfen ɗaure noti, ya hau da ƙafa wai yana ɗaure taya, sai ji muka yi ƙas, bol ɗin tayar baya ya karye. Ga wanda bai taɓa tsugunawa gindin mota ba, bol shi ne ɗan ƙarfen nan mai kaurin babban yatsa da ke leƙowa ta ramin taya, wanda noti ke hawa ya riƙe ta. Biyar ne a kowace ƙafa. Bakaniken ya cire tayar, ya ɗaga guduma ya kai wa guntun da ya maƙale duka ɗaya, biyu, a na uku ya faɗa ciki. Ina zaune a benci, sai na gan ni a bakin hanyar Nguru ina da shekara tara.

Ni 'yar fari ce, kuma in kun san abin da ake nufi da kunyar ɗan fari a gidajen da, kun san rabin labarina. Kakata, mahaifiyar babana, Bafulatana ce daga wata ruga wajen Machina, ita kuwa ba ta ɗauki wannan al'ada da wasa ba. Haka ta tarbiyyantar da ɗanta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In ya zama dole, sai ya ce “yarinyar nan”, yana kallon bango. Direban a-kori-kura ne, yana ɗaukar banda da kanwa daga Nguru zuwa kasuwannin ƙauye. In ya dawo da tsaraba, 'ya'yan maƙwabta yake miƙa wa da hannunsa, har ya shafa kansu. Nawa rabon sai ya biyo ta hannun Inna, mahaifiyata. Ita ce ke cewa babanki ya ce ki rage yawo, babanki ya ce takalminki ya tsinke a sayo wani. Duk abin da na sani game da zuciyar mutumin nan daga bakinta na ji shi.

A tsakiyar wata damina Inna ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Gidan ya cika da mutane kwana bakwai, sannan ya watse. Aka bar mu mu uku: tsohuwa mai yanar ido, da mutumin da ba ya iya kallona, da ni. Babu sauran mai kawo mini saƙo. Sai in ji motsinsa a zaure, in ji ya yi alwala, in ji ya fita. Ban san ko yana tunawa ina gidan ba.

Bayan sadakar arba'in, ina bayan zana ina wanke kwano, na ji kakata tana yanke hukunci. Ta ce ita idonta ya tafi, shi kullum yana hanya, 'ya mace kuwa ba a barin ta ta tashi kamar ciyawa. A kai ni wurin goggona a Gashuwa, ƙanwarsa da ke aure can. Na dakata da wankin ina jiran babana ya yi musu, ko da kalma ɗaya. Abin da ya ce shi ne “To.”

Da sassafe muka tashi. Ya ɗora akwatin ƙarfen Inna a bayan motar, shi kaɗai tal, yana ta zamewa gaba da baya. A bakin tasha mutane suka yi ta ɗaga hannu, bai tsaya wa kowa ba. Na zauna a gaba na manne da ƙofa, tsakanina da shi akwai wurin mutum guda. Gero ya fid da kai a gonaki, ruwan fadama bai gama janyewa ba, balbelu sun yi fari a kan kaba. Ban ji daɗin ko ɗaya ba. Lissafi nake: in motar nan ta ci gaba da gudu haka, kafin hantsi an sauke ni, an huta.

Mun wuce Jajimaji da kaɗan sai wani abu ya fara ƙara a baya, ƙwaram-ƙwaram, kamar an jefa tsakuwa a gwangwani. Ya sauka gefen hanya, kusa da wasu goruba guda uku da suka haɗa inuwa. Ya ɓalle murfin tayar baya, noti ya faɗo ƙasa da guntun bol a cikinsa. Ya ɗauka, ya juya shi a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa iska, ba ni ba, motar nan ba ta tafiya haka.

Ya sa duwatsu a gaban tayoyi, ya ɗaga motar da jak, ya kwance sauran noti huɗun. Da ya rasa inda zai ajiye su kada su shige rairayi, sai ya miƙo hannu gefe ba tare da ya juyo ba. Na buɗe tafukana, ya zuba. Suna da ɗumi, suna warin giris. Wannan ne abu na farko da ya taɓa wucewa daga hannunsa zuwa nawa kai tsaye. Ya zare gangar birkin, ya ɗauko guduma, ya buga wa guntun da ya rage a ciki har ya fice ta baya. Ƙarar da na ji a gareji ke nan.

Sabon bol ne babu. Muka zauna jiran mota. Can sai ga wani direba abokinsa daga Nguru zai shiga Gashuwa, wani Babarbare dogo mai yawan dariya, mota cike da mata da buhuna. Ya sauko ya leƙa ƙafar motar, ya dubi akwati ɗaya da ke baya, ya dubi babana. Ya yi magana da Barbarci, wanda ba na ji sosai a lokacin, ya ɗaga yatsu huɗu yana girgiza su a gaban fuskarsa. Babana ya kau da kai, ya ba shi notin mai guntun bol a ciki ya ce ya sayo irinsu in zai dawo. Wata tsohuwa a motar ta ce a ba su yarinyar mana su kai ta, kada rana ta dafa ta a banza.

“A'a, Iya,” in ji shi. “Amana ce. Hannu da hannu zan miƙa ta.”

Ku da kuke karatu za ku ce ai magana ce mai daɗi. Ni ban ji haka ba. Na sha jin yana faɗin wannan kalma a kan buhun kifin mutane. Sai na ce a raina, ashe ni ma kaya ce.

Direban ya sake kallonsa, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dafa kafaɗarsa, ya shiga mota suka tafi.

Wuni guda muka yi a gindin gorubar nan. In na ce muku mun yi hira, na yi ƙarya. Amma ya jefo goruba da sanda, ya goge a rigarsa ya ajiye a kan dutse kusa da ni. Wata mai tallan nono ta biyo, ya sa ta dama fura a ƙwarya ɗaya, ya sha kaɗan ya turo mini sauran. Da azahar ya shimfiɗa buhu, ya tsaya gaba, na tsaya bayansa, na ji muryarsa da kabbara kusa da ni kamar yadda ban taɓa ji ba. Da na shiga ciyawa na fito zanina ya kwaso ƙarangiya, sai ya jawo bakin zanin yana cirewa ɗaya bayan ɗaya, kansa a sunkuye. Ya daɗe yana yi. Har da wuraren da babu ƙarangiyar sai da ya bi da yatsa. Ni kuwa, da taurin kai irin na kakata, na ƙura wa hanya ido, ina ganin duk don kada goggo ta ce an kawo mata ni da datti ne.

Motoci sun wuce da dama. Wasu sun rage gudu suna tambaya ko lafiya, ya ɗaga musu hannu su wuce. Bai yi tsaki ko sau ɗaya ba, shi da aka sani a tasha da rashin haƙurin jira.

Sai bayan la'asar abokin nasa ya dawo da bol. Babana ya zura shi ta bayan ƙarfen da taya ke zama a kai, ya jera zobban ƙarfe biyu, ya ɗora noti yana murzawa a hankali har bol ɗin ya jawu ya zauna daram. Ya mayar da gangar birki da taya. Ina miƙa masa notin nan huɗu da suka wuni a ƙulle a haɓar zanina, yana ɗaurawa. Na lura ba a jere yake bin su ba, in ya ɗaure wannan sai ya tsallaka na can. A nan ne ya yi mini magana mafi tsawo a rayuwarsa, duk da cewa tayar yake kallo.

“Ba a matse ɗaya a bar saura. Kowanne kaɗan-kaɗan, har su yi daidai.”

Ana kiran magariba muka isa ƙofar gidan goggo. Ya sauke akwatin, ya kama hannuna ya sa a nata. Bai shiga ba, bai ci tuwon da ta rantse sai ya ci ba. Na tsaya a zaure ina kallon jar fitilar motar har ta sha kwana. Guntun bol ɗin da ya buge da guduma yana hannuna, na tsince shi a rairayi bai sani ba.

Goggo ta riƙe ni da gaskiya, ta sa ni makaranta, a gidanta aka ɗaura mini aure. Babana ya koma dogon zango, sai a yi wata uku bai leƙo ba, in ya zo ma da mijin goggo yake zama a waje. Shekarar da na gama firamare ciwo ya kwantar da shi a Nguru, kafin a zo da ni an kai shi makwancinsa. Na yi kuka, amma ba zan ɓoye muku ba, a ƙarƙashin kukan akwai wani kulli. Na girma, na haihu, na yi jikoki, ina riƙe da cewa mutumin nan ya ce “to” sau ɗaya ya sauke ni kamar buhu. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ni fuskar ce ba a taɓa nuna mini ba.

A garejin nan, bakaniken ya gama dube-dubensa ya ce ba shi da bol daidai da motata, sai an aiko daga Kano jibi. Na ce masa ina da biki a Nguru gobe. Ya goge hannu da tsumma, ya ɗaga yatsu huɗu.

“Hajiya, ai guda ɗaya ne ya karye. Huɗun nan za su kai ki Nguru su dawo da ke, in dai a hankali za ki tafi. Kada ki yi lodi kawai.”

Na tambaye shi, ko da a-kori-kura ce? Ya ce balle ita, in babu kaya. Na ce akwati ɗaya ne, da yarinya. Ya dube ni bai gane ba, ya ce ai duk direban da ya san hannunsa ba zai ko tsaya ba.

Babana kuwa ya san hannunsa. Shekara ashirin yana tuƙi kafin ranar nan.

Yanzu zamani ya sauya. Ɗana na fari yana ɗaukar 'yarsa ta fari a wuya, yana kiran sunanta har unguwa ta ji, babu mai cewa ya yi rashin kunya. Wani lokaci ina jin daɗin abin, wani lokaci sai in ji wani kishi na wauta ya taso mini. Kakata ta tafi, goggo ta tafi, dogon direban nan ma na ji ya daɗe da rasuwa. Babu wanda zan je wa in ce, ashe kun sani kuka yi shiru.

Washegari na kama hanyar Nguru da noti huɗu, a hankali kamar yadda aka ce. Kafin in kai Jajimaji na rage gudu ina neman gorubar nan uku. An faɗaɗa hanya, biyu babu, saura ɗaya. Na sauka na zauna a 'yar inuwarta. Motar ba abin da ya same ta. Masu wucewa suna rage gudu suna tambaya ko lafiya, ina ɗaga musu hannu su wuce, har aka yi la'asar.