Shuɗayen Kwaɗin Xintang

A Xintang, wani garin Sinawa kusa da Guangzhou, nake sarin wandunan jins, wurin wani laoban, wato maigidan masaƙar. Mutane na kiwon kaji su ci ƙwai, shi bawan Allah kwaɗi yake kiwo. A ofishinsa akwai akwatin gilashi cike da ganye da danshi, ciki da wasu shuɗayen kwaɗi da ba su wuce babban yatsana ba.

Ranar da na je da 'yata ta fari, tana shekara shida, ta manne wa gilashin ta ƙi motsi. A Guangzhou aka haife ta. Sinancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, har ita ke yi mini tafinta. Hausarta kuwa sai a hankali.

Laoban ya ɗauko ɗaya zai ɗora mata a tafin hannu. Na fizge ta, don na taɓa jin da dafin irinsu ake shafe kibau a dazukan Kudancin Amurka. Ya yi dariya ya shiga bayani, ita tana juya mini da gurguwar Hausarta.

"Baba, ya ce dafin daga abinci ne. A daji suna cin tururuwa da ƙananan ƙwari, sai ya taru a fatarsu. Waɗannan a nan aka haife su, ƙananan ƙudaje yake ba su. Dafi meiyou, babu. Kalar ce kawai ta rage."

Maganar ta soke ni, domin a makon ne mahaifiyata ta kira daga Kano. Ta tsokani jikarta, yarinyar ta amsa da Sinanci, ta kuma shaida mata ba ta son miyar kuka. Hajiya ta ce a ba ni wayar.

"Ka kawo mini ita bayan Sallah. 'Yar fari ta kaka ce."

A gidanmu uba ba ya nuna son ɗan fari. Ko sunanta ba na kamawa, "ke" nake ce mata. Da wane baki zan ce wa Hajiya ba zan iya rabuwa da ita ba? Na ce to. Tun ranar abinci ya daina yi mini daɗi, matata kuma ba ta yi mini magana sai ta kama dole.

A nan ofishin na ce wa yarinyar ta tambayi laoban, in aka mayar da kwaɗin daji dafin zai dawo?

"Ya ce in sun ci abincin can, zai iya." Ta ƙara saurarensa, kwaɗon da na bari ya ɗora mata yana zaune a hannunta. "Amma ya ce in dafin ya dawo, ba mai sake ɗaukar su a hannu."

Ba ta san da zancen tafiyar ba. Da muka fito za mu tsallaka titi, ta miƙo mini hannu. Wasu dattawa biyu 'yan garinmu suna zaune a ƙofar shago suna kallonmu, kuma ban taɓa riƙe ta a gaban manya ba. Na riƙe. Har muka kai tasha ban saki ba.