Faifan Mama da Allon Bakin Ƙofa

Shekarun baya, ina 'yar shekara goma sha uku a garin Greensboro, can ƙasar Turawa, likita ya ce wa mahaifiyata sukarinta ya hau, dole ta riƙa tafiyar ƙafa kullum. Ni na fassara mata, don ni ce bakinta a asibiti da makaranta da ko'ina. Muna fitowa ta ce, "Tafiya zuwa ina?" Na ce ba ko'ina, tafiya kawai. Ta dube ni sama da ƙasa. "Mace da girmana in yi ta zagaye unguwa, ba aike ba cefane? Ai sai a ce na taɓu."

Muna haya ne kusa da titin Wendover, ita tana aiki a wani sito, tana cusa kaya a kwali, a tsaye wuri ɗaya har ta tashi. Ni kuwa ba mai magana ba ce. Akwai malamar da ta yi rabin shekara tana zaton ba na jin Turanci. Amma ina gani. Na ga Mama tana tashi shan ruwa sau uku kafin asuba. Na ga tana nisa da takarda daga idonta kafin ta miƙo min.

A makaranta an nuna mana wani wasa. Faifan roba ne kake jefawa, kana neman wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi a rataye. A wurin shaƙatawar da ke kusa da mu akwai irin kwandunan nan har goma sha takwas, a warwatse cikin itatuwa. Ka jefa, ka bi faifanka, ka sake jefawa. Wasan bai dame ni ba. Abin da na hango shi ne tafiya ce mai dalili.

Na aro faifai biyu wajen malaminmu. Kwana huɗu ina lallashi kafin ta yarda, bisa sharaɗi ɗaya: sai rana ta kusa faɗuwa, lokacin da mutanenmu suka watse. Wadda take gudu musamman ita ce wata Hajiya ƙawarta, 'yar Maraɗi, mai kawo jikokinta wajen lilo. In Hajiyar nan ta ga abu da la'asar, kafin isha an ji shi har McLeansville, can bayan gari.

Ranar farko, jifanta na uku, sarƙoƙin suka yi ƙara, cas. Na tsaya baki buɗe. Ta gyara mayafi ta ce, "Mu da muka kori tsuntsaye a gonar gero da hoge, wannan kwandon da ba ya tashi ne zai gagare mu?" Daga nan ita ke tambayata, "Yau ba mu zuwa?"

Sai aka mayar da agogo baya da awa ɗaya farkon Nuwamba, kamar yadda ake yi a ƙasar duk shekara. Kafin ta dawo daga aiki ta canza kaya, magariba ta yi. Ban yarda mu daina ba. Na samo 'yan fitilun da ake maƙalawa a makulli, na manna su a faifan da salatif. Sai ta shimfiɗa darduma gefen mota mu yi salla, sannan mu shiga cikin itatuwa. Ba ma ganin kwandon sosai, kunne muke sa wa. In sarƙa ta yi ƙara, ya shiga. In muka ji shiru, sai mu bi ɗan hasken cikin busasshen ganye. Mama ta ce ta ma fi son haka, ba mai ganinta.

Ga inda nawa laifin yake. A bakin ƙofar wurin akwai allo kore, an rubuta cewa ana rufewa da faɗuwar rana, kuma wanda aka samu a ciki bayan nan za a iya rubuta masa tikitin tara. Kullum ina karanta shi. Har na san harafin da ya fara gogewa. Ban taɓa fassara mata ba, don na san abin da za ta ce.

Ran nan muka dawo wajen mota, muka tarar an ja ƙofar ƙarfen an sa kwaɗo. Ƙarfe shida da rabi ne kawai, amma duhu ya rufe. Muna nan tsaye sai ga mai gadin wurin cikin akori-kura, ya haske mu. Mama ta damƙe hannuna. "Yi masa magana mana!"

Ni da ko ɗaga hannu ba na yi a aji. Na gaishe shi da Turanci, na ce likita ne ya sa, kuma laifina ne. Ya dubi faifan mai fitila, ya yi ɗan murmushi, ya ce yau ba zai rubuta komai ba, amma kada ya sake ganinmu bayan rana ta faɗi. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce ko zai iya barin wannan ƙofar ta zama ta ƙarshe da zai kulle? Ya ce a'a. Na ce ko minti ashirin? Ya ce ba shi ya kafa dokar ba, kuma akwai rami da rafi a ciki. "Ku zo ranar Asabar," in ji shi, "rana ta wuni tana jiranku."

A mota Mama ta ce, "Me ke rubuce a allon can?" Na faɗa mata. "Tun yaushe kika sani?" Na ce tun ranar farko. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Muna isa gida ta ɗora faifan a kan firji ta ce an gama.

Sati biyu ba ta taka ko'ina ba. Ni ke rubuta mata abin da na'urar gwajin jini ta nuna kowace safiya, ina kallo yana hawa. Na ciro kalandar lokutan salla da aka raba a masallaci, na bi layin magariba da fensir. Sai wajen Maris rana za ta riƙa jiran ta dawo daga aiki. Na nuna mata. Na ce ko Asabar da Lahadi da rana, ko wata huɗu a zaune. Ta ce, "Da rana? Gaban Hajiya? Ki rufa min asiri."

Ban iya gardama ba, amma na iya shiru. Ranar Asabar na sa takalmi da rigar sanyi, na hau kujera na sauko da faifan, na zauna bakin ƙofa da su a cinya. Ta wuce ni kamar ba ta gani ba, har azahar. Asabar ta biyu ta ce, "Wannan zaman makokin na wane ne?" Na gyara zama. Ta uku ina zaune sai na ji ƙarar makullin mota. "Tashi, kafin ki tsiro a wurin."

Ko kwando na biyu ba mu kai ba muka ji muryar Hajiya daga wajen lilo, da ɗan Faransancinta na mamaki. "A bon? Maman yara, me nake gani haka? Ba wannan ne Turawa ke jefa wa karnukansu ba?"

Na ga kunnen Mama ya motsa ƙarƙashin ɗankwali. Na ce a raina shi ke nan, mun koma gida. Sai ta gyara tsayuwa, ta ja hannu baya, ta saki faifan. Ya bi ta tsakanin itatuwa biyu. Cas.

Ta juyo a hankali. "Likita ne ya rubuta min, Hajiya. Ke naki likitan lemon kwalba ya rubuta miki?"

Hajiya ta riƙe haɓa, sannan ta fashe da dariya ta ce a ba ta ta gwada. Nata jifan a rafi ya ƙare, jikanta ya shiga ya ciro. Labari kam ya zaga gari a ranar, amma Hajiyar da kanta ta ba da shi, kuma a nata labarin iska ce ta cuce ta.

Mama ta ci gaba, ƙarshen mako cikin sanyi, kullum kuma da rana ta ƙara tsawo. Sukarin ya sauka sannu a hankali. Duk sanda mai gadin ya wuce sai ya ɗaga mana hannu, ita kuma ta nuna masa agogonta.

Na daɗe ina ganin ɓoye allon nan taimako na yi mata. Yanzu na gane a duhu na ajiye ta, inda kunyarta ke so, kuma ba don an kulle mu ba da ba ta fito rana ba. Ta yafe min tuni, amma ba ta manta ba. Har yau in na karanta mata wasiƙa na ce na gama, sai ta ɗora yatsa a ƙasan takardar ta ce, "Har da ƙananan rubutun nan."