Dutsen Taimamar Baffa

Shekarun baya ne, ina sabon ango, ƙanin matata ya kammala karatu a Atina, babban birnin ƙasar Girka, aka ba shi damar gayyatar mutum biyu bikin yaye su. Na farko babu gardama, mahaifinsu ne, wanda duk gidan ke kira Baffa. Na biyun aka zauna aka duba wa ke jin Turanci a dangi, aka ce ni. Turancin nawa bai wuce na rubuta takardar neman hutu a ofishinmu na Kazaure ba, amma a gidan surukaina na Gwiwa ni ne Bature.

Wanda ya san surukutar gidan Fulani ya san abin da aka ɗora mini. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, wanda nake tuɓe takalmi tun daga nesa in durƙusa in gaishe shi, da shi zan zauna a jirgi kafaɗa tana gugar kafaɗa. Ranar tafiya matata ta rako ni zaure ta ce, "Don Allah ka kula da Baffa. Bai taɓa jin kunya a gaban mutane ba, kada a fara a hannunka." Na ce haba, me zai faru?

Ba a daɗe da yi wa Baffa aikin ido ba, likita ya hana ruwa ya taɓa fuskarsa, saboda haka taimama yake yi. Yana da wani ɗan dutse sumul da ya tsinto a rafi, kullum yana aljihunsa. A filin jirgi masu bincike suka juya dutsen nan suka juya, suka ce ba zai shiga ba. Da muka isa masauki, ko'ina kafet ne da katako, bangon ma Baffa ya shafa ya ce fenti ne. Sai dai mu sauko bakin titi ya yi taimama a kan dandamali, masu wucewa suna waiwaye. Bai yi ƙorafi ba, amma na san abin yana cin sa.

Washegari ƙanin matata yana da zirga-zirga a makaranta, sai ya sa mu cikin wata motar masu yawon buɗe ido. Jagorarmu wata mata ce mai ɗaga ƙaramar lema sama don kada mu ɓace mata, bakinta kuwa ba ya hutawa. Sai ta yi bayani mai tsawo, sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe, Baffa ya dubi gefena ya ce, "Malam, me ta ce?" Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Baffa, ta ce tsohon gini ne." Da muka je wuri na uku ya ce, "To ita duk maganar nan a kan tsufa take yi?"

Mun ga wani makeken filin wasa da aka gina da farin dutse. Baffa ya ƙare masa kallo ya ce zai yi kyau da shanyar gero. Daga nan aka kai mu gaban majalisarsu, inda wasu sojoji dogaye sanye da wani abu kamar buje suke ɗaga ƙafa sama a hankali, su tsayar da ita, sannan su buga ƙasa. Turawa sun yi tsit suna ɗaukar hoto. Baffa ya matso ya rage murya, "Malam, tambayi matar nan, ƙaya ce a wurin?" Na danne dariya har hawaye ya fito, don ba a yi wa suruki dariya. Abin da ya burge shi da gaske bishiyar zaitun ce. Ya tsaya a gindinta ya ce ashe zai gan ta da idonsa bayan ya sha karanta ta.

Sai aka ce a hau tsaunin da suke alfahari da shi, Akrofolis. Baffa ya ɗaga kai ya ce duwatsun Roni sun fi shi, ya tattare babbar riga ya wuce gaba, ni ina baya da jakarsa ina haki. Da muka kai sama muka tarar da katafaren gini, ginshiƙai a tsaye, babu rufi, manyan duwatsu a zube ko'ina. Baffa ya yi salati. Ya je gaban jagorar nan ya dafa ƙirji ya ce, "Sannu baiwar Allah. Ashe abin da ya same ku ke nan? Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba." Ya juyo ya ce in tambaye ta ko an yi asarar rai. Na ce Baffa, ai abin ya daɗe ƙwarai. Ya ce, "Ya daɗe, kuma duk jama'ar nan ba a yi gayya an rufe shi kafin damina ba?" Matar ta tambaye ni me ya ce, na ce ya ce wurin yana da kyau.

Tun a ƙofa jagorar ta yi gargaɗi cewa ba a taɓa komai, ba a ɗaukar ko tsakuwa, laifi ne babba da ke kai mutum hannun 'yan sanda. Na ji ta sarai. Sai dai na ga ba girmana ba ne in dubi surukina in ce masa kada ya ɗauki abin mutane, kamar ina zarginsa. Na haɗiye maganar. Kuma ban tuna cewa mutumin da ya kwana yana neman dutse na kawo inda babu komai sai dutse ba.

Ina kallon gari daga sama na ji ya ce, "Malam, riƙe mini wannan." Na juyo, sai ga wani ɗan farin dutse mai faɗi a hannunsa, fuskarsa cike da murna. Wallahi na san abin da ke shirin faruwa, amma jikina ya riga hankalina. Na rusuna na sa hannu biyu na karɓa, yadda ake karɓar abu daga babba. Ban gama miƙewa ba na ji usur.

Masu gadi biyu suka iso, jama'a suka zagaye mu, wasu har da ɗaga waya. Ga ni tsaye da tarihin Girka a tafin hannu. Babban cikinsu ya tambaya wa ya ɗauka. Na saci kallon Baffa, ga furfura, ga rawani, ga baƙin tabarau na waɗanda aka yi wa aikin ido. Na hango shi a bayan motar 'yan sanda, na hango labarin ya isa kasuwar Gwiwa kafin mu sauka Kano. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ni ma ban taɓa shiga hannun hukuma ba. Na ce, "Ni ne."

Aka tasa ni gaba zuwa wani ɗan ofis, Baffa yana biye yana ba su haƙuri da Hausa, in ta ƙare ya koma Fillanci. "Ku yi haƙuri, yaro ne. Ɗan mutunci ne, 'yata ce a gidansa." Suka karɓi fasfo ɗina suka ce me zan yi da dutsen. A nan Turancina ya gudu ya bar ni. Ta yaya ake faɗin taimama da Turanci? Na ce wanka ne da dutse, suka kalli juna. Na ce wanka ne amma babu ruwa, suka ƙara kallon juna. Ƙarshe na naɗe hannun riga na buga tafuka a kan teburinsu, na shafi fuska, na sake bugawa na shafi hannuwa. Baffa yana gefe, ko a wannan hali sai da ya ce, "Har gwiwar hannu, Malam."

Jagorar nan da ta biyo mu ofis ɗin, Allah ya saka mata, ita ta fahimci cewa shirin salla ne. Ta nuna idon Baffa ta yi musu bayani da yarensu. Aka kira wata jami'a ta duba dutsen ta ga babu zane a jikinsa. Suka yi mini faɗa mai tsawo, wanda na fassara wa Baffa da cewa suna gaishe shi, sannan aka raka ni na mayar da dutsen daidai inda aka ɗauko. Da muka sauko, jagorar ta tsinto wani dutse a cikin tukunyar furannin wani gidan abinci, da izinin mai wurin, ta ba Baffa. Da shi ya yi taimama har muka dawo.

A gida, ana ta zuwa yi masa barka da dawowa, Baffa ya ba da labari. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya ce an busa usur, an samu dutse a hannun yaron nan, shi kuma ya bi su yana ba da haƙuri har aka sake shi. Ina durƙushe a bakin tabarma ina ji, surukai suna cewa, "Kai, Allah ya sa da Baffa a wurin!" Na ce amin. Matata kaɗai na faɗa wa gaskiya, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta ce ta gode.

Bayan kaka muka je gaisuwa, Baffa ya ce in raka shi garke. Ya nuna wata jar karsana da sandarsa, yana kallon wani wuri daban, ya ce, "Malam, waccan taka ce. Ido aka yi mini aiki, ba hankali ba." Na durƙusa na yi godiya, ban ɗago kai ba.

Na koyi cewa kunyar da ke hana ka faɗa wa babba abin da zai cece shi ba ladabi ba ce, wauta ce sanye da hula. Amma ban taɓa nadamar "ni ne" ɗin nan ba. Baffa ya rasu da mutuncinsa cikakke, Allah ya jiƙansa, kuma ina kewarsa fiye da yadda zan iya faɗa. Har yau in na shiga Gwiwa, ƙannen matata sukan ce a ɓoye duwatsun murhu ga mutumin Girka ya zo. Ina dariya tare da su, kuma ba zan gyara labarin a gabansu ba.