Saƙon da na tura wa kofur

Shekarun baya, lokacin da Abuja ke ta tohon sababbin gine-gine, wayar salula kuma ta fara shiga aljihun talaka, na yi sakatare a wani ƙaramin kwamiti mai zaman kansa. An ce za a gyara aikin 'yan sanda, sai aka ba mu izinin shiga caji ofis mu duba waɗanda ke tsare: wa aka kama, tun yaushe, sunansa na cikin rajista ko babu. Dokarmu ɗaya ce, ba a sanar da ranar zuwa. Shugabarmu, wata Hajiya da ta yi ritaya daga shugabancin makaranta, ni kaɗai take gaya wa tun ana gobe, don ni ke nemo mota.

Ni kuwa a lokacin littattafan soyayya sun gama cinye mini kai. A wani caji ofis can bayan gari na ga wata kofur zaune a teburin karɓar ƙorafi. Ta ɗago ta ce, "Oga, sa hannu a nan." Iyakar abin da ta ce ke nan, amma kafin mu koma gida har na raɗa wa 'ya'yanmu suna. Da ƙyar na samo lambarta.

Ranar da Hajiya ta ce gobe can za mu koma, zuciyata ta ƙi zama. Na rubuta wa kofur: "Ya fitilar zuciyata, gobe da hantsi ƙafafuna za su kawo ni inda idanuna suka daɗe da tarewa." Ta amsa da "To." Na karanta "To" ɗin nan ya fi sau ashirin. Wallahi ko kusa ban tuna da wata doka ba.

Da muka isa, ofishin sai sheƙi yake. An share, an yayyafa ruwa, ɗakin tsare mutane da sababbin tabarmi da mutum biyu kacal a ciki. Babban jami'in wurin ya tarbe mu da fara'a. Hajiya ta shafa bango, ta dubi yatsanta.

"Ranka ya daɗe, fentin ko bushewa bai yi ba."

Ya yi dariya, ya ce ai gyara suke yi kamar yadda aka umarta.

Muna fita, wata Bafulatana ta kama gefen mayafin Hajiya. Ta ce mijinta ya kai shanu kasuwar kara a Dei-Dei, rigima ta ɓarke, aka kawo shi nan. Kwana tara tana kawo masa fura, yau da safe an ce mata ba a san da wannan mutum ba. Muka koma muka duba rajista, babu sunansa. Wanda kuwa babu sunansa, ba mai yin belinsa, ba mai kai shi kotu. In muka tafi, shi ke nan.

A cikin mota Hajiya ta ce, "Wani ya yi magana."

Na ce, "Hajiya, ni ne. Amma ba da wannan nufin ba."

"Kawo wayar."

Ta gyara tabarau, ta karanta saƙona da ƙarfi, a gaban direba da lauyan kwamitinmu. Direba ya kifa kai a sitiyari, kafaɗunsa na rawa.

"To ɗana," in ji ta, "sai ka je ka ce wa fitilar ta haska mana inda aka kai mijin matar nan."

Na koma ciki wurin kofur. Na ce, "Kofur, ke kika faɗa?"

"Ni ban faɗa wa kowa ba. Ƙawata na nuna wa muna dariya, oga ya ji."

Muna dariya. Na haɗiye wannan, na ce, "Matarsa na bakin ƙofa. Ni na jawo, ki taimake ni."

Ta shiga jan layi a littafin gabanta. Ta san abin da zai biyo baya, ni ma na sani. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Ɗakin janareta ba ku duba ba."

Mutum huɗu muka samu a ciki, har da mijin Bafulatanar. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Benci ta ja ta zauna, ta ce daga nan ba ta tashi sai an rubuta kowa da ranar da aka kama shi. Kafin la'asar ardonsu ya zo ya karɓi belin makiyayin, sauran aka sa musu ranar kotu.

Rahoton ranar ni na rubuta, har da layin da ke cewa sakatare ne ya fitar da sirri. Hajiya ta tsaya a kaina sai da na sa hannu. Daga nan aka daina gaya mini inda za a je, sai na shiga mota nake sani. Kofur kuwa aka yi mata canji zuwa can wajen Sheda. Na bi ta don in ba ta haƙuri, ta ce, "In za ka yi magana, yi ta kamar mutane." Wata bakwai ina koyon hakan. Yau ita ce uwar 'ya'yana, kuma ko ɗaya ba ta yarda da sunayen da na tanada ba.

Mukan tuna mu yi dariya. Amma wuri ɗaya ne dariyar ke tsaya mini. Na shiga aikin ina ganin 'yan sanda ne kawai ke buƙatar mai sa musu ido, ashe ni ma ina buƙata. Da matar nan ta gaji ta tafi gida kafin mu fito, da na zauna na rubuta "komai lafiya" da kyakkyawan rubutuna, mijinta na zaune a bayan bango yana jin tashin motarmu. Alhamdu lillahi da ba ta tafi ba.